Sakamakon SAT bai isa jami'a ba, ga wa'adi ya matso

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa neman gurbin karatu a Amurka. Tun watan Nuwamba ɗana ya tura sakamakon jarrabawarsa ta SAT zuwa jami'o'i huɗu ta shafin College Board, amma har yanzu ɗaya tana nuna bai iso ba, alhali farkon Janairu za ta rufe karɓar takardu. Muna zargin bambancin rubutun suna ne, domin a rajistar jarrabawa an bi na fasfo, a takardar neman gurbi kuwa na shaidar WAEC. Shin sake turawa za mu yi mu biya kuɗi, ko ofishin ɗaukar ɗalibai zai iya haɗa bayanan idan muka rubuta musu?