Shawarwari kan hoton asibiti da ganin likita ta waya

A wata tattaunawa da aka yi kan ganin likita ta waya da hoton asibiti, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa ganin likita ta bidiyo ya wadatar ga mura, ƙuraje ko sabunta magani, amma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki na buƙatar a garzaya asibiti nan take.

An fi daɗewa kan batun hoto. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, don haka wajibi ne majiyyaci ya faɗa idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa, kuma a ganina wannan ne gargaɗin da ya fi muhimmanci. Mai juna biyu ta sanar kafin hoton CT (hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken X-ray), mai ciwon ƙoda kuma ya yi magana kafin allurar rinin da ake yi don hoton ya fito sosai.