Masai Mara a watan Agusta ko a fasa? Muhawarar 'yan gida kan tafiyar Auta

Auta: Assalamu alaikum. Kawu, Gwaggo, yayyena, shawara nake nema. Ni da mai ɗakina mun ɗan tara kuɗi, muna son zuwa kallon namun daji, kuma ba mu taɓa zuwa ba. Kamfanonin yawon buɗe ido sun ruɗa ni: wannan ya ce a mota da direba, wancan ya ce in hayi mota in tuƙa kaina, wani ma ya ce a ƙafa ake shiga dajin. Yaya Babba kuma ya ce in ba gandun dajin Masai Mara na Kenya a watan Agusta ba, gara in zauna gida.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Daga Yuli zuwa Oktoba ne dabbobin nan masu kama da shanu da ake kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, su da jakunan dawa, suke haurowa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Kenya suna bin ɗanyar ciyawa. Dole sai sun ƙetare kogin Mara, kadoji na jiransu a ruwa, zakuna na jiransu a tudu. Babu inda ake ganin irin wannan a duniya. Kuɗin da aka sha wuya aka tara, a kashe shi a kan abin da ya fi.

Kawu: Babba, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka bar rabin zancen. Dabbar nan ba ta yi alkawari da kowa ba. Za su taru a bakin kogi tun hantsi, ƙura ta tashi, kowa ya ɗaga kyamara, sai ɗaya ta juya baya, duka garken ya bi ta. Kai kuma kana cikin mota rana na dukanka har azahar, motoci sun yi layi a gaɓar kamar tasha ranar kasuwa, direbobi na rige-rigen wurin tsayawa. Wani ya samu, wani ya koma gida bai gani ba. Ga tsada: tun 2024 baƙon da ba mazaunin Kenya ba dala 200 yake biya a rana don shiga Mara daga Yuli zuwa Disamba, alhali daga Janairu zuwa Yuni dala 100 ne. Masauki ma haka yake tashi.

Auta bai taɓa ganin giwa da 'ya'yanta sun tare hanya ba, bai taɓa jin gurnanin zaki da dare ba. Mai irin wannan ido ba ya bukatar ƙetaren kogi kafin ya ƙoshi. Zakunan Mara ba sa ƙaura, suna nan shekara duka, haka bauna da raƙumin dawa da dorina. Abin da yake bukata shi ne direban da ya san daji, wanda zai kalli sawu a kan rairayi ya ce damisa ta wuce da asuba, ko ya ji ihun birai ya kashe mota ya ce ku jira. Ka je a Janairu ko Fabrairu, ɗana, kafin ruwan Afrilu da Mayu ya mai da hanyoyin taɓo.

Yaya na Johanasbag: Kawu, Allah ya ƙara girma, ni a nan na bambanta da ku. Me ya sa sai da direba? Kruger, gandun dajin nan na Afirka ta Kudu, ta kai kusan murabba'in kilomita 19,500, manyan hanyoyinta kwalta ne, ƙaramar mota ma tana shiga. Ka kama ɗaki a Skukuza ko Satara, sansani ne mai shinge, da kanti da gidan mai. Ka dafa abincinka, babu fargabar wane nama aka ba ka. Ka tsaya inda ka ga dama, ba mai ce maka lokaci ya ƙure, illa dai ka koma kafin a rufe ƙofa da yamma.

Gwaggo: To wa zai yi tuƙin, wa zai yi kallon? A can hannun hagu ake bi, shi kuwa bai saba ba. Ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan taswira, zaki na kwance gindin bishiya ya wuce shi bai sani ba. In giwa ta tunkaro su tana kaɗa kunne, ya san lokacin ja da baya? Da 'yar mutane zai je fa. Ni da za a ji tawa, su fara da Yankari, ga ta nan a Bauchi. Su kwana a Wikki, su yi wanka a ruwan ɗumin nan, su fita da motar masu gadin daji, su gane ko suna da haƙurin zaman jira.

Yaya Babba: Haba Gwaggo, ina Yankari ina Mara? Dajin ya yi duhu, ana iya yini ba a ga giwa ba.

Gwaggo: Shi ya sa na ce haƙuri. Su je da rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Su dai kulle ɗaki, don biran Wikki har hannun mutum suke fizge leda.

Auta: Kawu, ta ƙafar fa? Ita ce ta fi jan hankalina.

Kawu: Wannan ta Luangwa ta Kudu ce a Zambiya, inda Norman Carr, wani Bature mai kare namun daji, ya shahara da ita. Ana tafiya a jere, mai bindiga a gaba, ba surutu. Za ka koyi sawu da kashin dabba da sunan itatuwa, amma manyan namun daga nesa za ka hango su, don suna gudun mutum a tsaye fiye da yadda suke gudun mota. Ka bar ta sai zuwa na biyu.

Yaya Babba: Kawu, ku gafarce ni, wa ya ba shi tabbacin zuwa na biyu? Da yadda canjin dala yake, watakila wannan ce kaɗai. Shi ya sa nake cewa ya nufi babbar.

Kawu: Wannan hujjar ai tawa ce. In sau ɗaya ne, kada ya jingina ta a kan abin da ƙila ya faru ƙila bai faru ba. In kuma garken yake so, a Fabrairu suna kudancin Serengeti, wajen Ndutu, suna haihuwa. A nan ba jiran kogi, fili ne cike da su da 'yan maruƙansu, daga can kuma Ngorongoro, wani katafaren ramin dutse mai cike da namun daji, ba nisa.

Yaya Babba: Haihuwa daban, ƙetare daban. Ban sauka ba.

Auta: Na gode ƙwarai. Zan tambayi kuɗin Mara da na Ndutu a Fabrairu, da direba, in kawo muku ku gani. Yaya na Johanasbag, Kruger sai na iya tuƙin hagu.

Gwaggo: Ka nemi katin rigakafin shawara tun yanzu, kai da ita. Kuma ka gaya wa kamfanin maganar abincin halal da lokacin salla kafin ka biya, don ba a sauka daga mota ko'ina a cikin dajin.