WiFi da Bluetooth a cip ɗaya: in na kashe ɗaya sai ɗayan ya mutu

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa auna danshin ƙasa a gonar tumatirin kawuna ta wajen Shika. Ƙaramin allon kwamfuta ne mai Linux, kanel (wato zuciyar Linux) 6.1, batir da sola ke ɗauke da shi. WiFi da Bluetooth duk a cip ɗaya suke, WiFi yana magana da allon ta hanyar SDIO, Bluetooth ta hanyar UART. Takardar bayanin cip ɗin ta ce a fara ba shi 3.3V, sannan 1.8V, sannan bugun agogo na 32.768 kHz, a ɗan jira, kana a saki ƙafar reset, wato ƙafar cip ɗin da ke hana shi tashi har sai an sake ta. Ƙafar nan ɗaya ce tak ga su biyun.

WiFi na saka masa mmc-pwrseq-simple, mai bin jerin kunnawar nan, a fayil ɗin DTS da ke bayyana wa kanel yadda allo yake, yana tashi lafiya lau. Da direban Bluetooth (manhajar da ke sarrafa shi a kanel) ya nemi wannan ƙafa sai dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, ya nuna -16, wai wani ya riga ya kama. Da na bar wa WiFi ƙafar shi kaɗai, duk sanda na sauke shi don in tanadi caji sai Bluetooth ya bi shi, alhali da shi nake karɓar awo daga na'urorin da ke binne a kunya. Wane direba ya kamata ya riƙe wutar nan?

Injiniya Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ƙanena. Babu wanda ya kamata ya riƙe ta a cikinsu. Ka ɗauka gidan haya ne mai janareta ɗaya: wanda ya fara buƙata shi zai tayar, amma ba a kashewa sai na ƙarshe ya ce ya gama. Sai an sami mai ƙirga mutane nawa ke amfani, kuma kanel yana da shi tun tuni a ɓangaren regileta, mai kula da layukan wuta. Duk kiran regulator_enable yana ƙara ɗaya, regulator_disable yana rage ɗaya, wuta ba ta yankewa sai lissafi ya dawo sifili.

Ka bayyana layukan wutarka biyu da regulator-fixed. In na 1.8V daga na 3.3V yake sha a allonka, ka haɗa su da vin-supply, kanel zai tayar da uwar kafin 'yar da kansa. Jiran kuma ka rubuta shi a startup-delay-us. Bayan haka ka buɗe /sys/kernel/debug/regulator/regulator_summary, za ka ga kowane layi da masu riƙe da shi. Ka sauke WiFi ka sake dubawa.

Hajiya Kanel:

Malam Injiniya, maganarka daidai ce a kan layukan wuta, amma ba ta taɓa abin da ya kawo yaron nan ba. Ƙafar reset ba regileta ba ce. Na san mutane suna yi mata rigar regulator-fixed don su ci moriyar ƙirgar, kuma yakan yi aiki, sai dai DTS an yi shi ne don ya faɗi yadda allo yake a zahiri. Ranar da ka aika irin wannan wa masu kula da kanel, za su dawo maka da shi.

Ɗan Samaru, matsalarka ba sabuwa ba ce. mmc-pwrseq ya shiga Linux 4.0 a 2015, kuma an gina shi ne kan cewa mai amfani ɗaya ne, wato kati ɗaya a ramin MMC, inda SDIO ɗin WiFi ɗinka ke bi. Bai san da wani Bluetooth a gefe ba. Wannan giɓin ne ya sa Bartosz Golaszewski ya rubuta sabon tsarin pwrseq da ya shiga 6.11 a 2024, yana cikin drivers/power/sequencing. Cip-cip ɗin Qualcomm irin su QCA6390 da WCN7850 ne suka jawo shi, inda WiFi ke kan PCIe, Bluetooth kan UART, amma sashen sarrafa wutarsu ɗaya ne, har ma ana buƙatar tazara tsakanin kunna ɗaya da kunna ɗayan. Direbobi biyu da ba su san da juna ba ba za su iya kiyaye wannan tazara ba.

Yadda yake aiki: ana rubuta direba na uku, shi ne mai wutar, mai agogon, mai ƙafafun. A cikinsa ana yanka aikin gida-gida, kowane mataki da jerin matakan da dole su riga shi, kowanne da ƙirgarsa. Sai a sa wa wuraren da ake son kaiwa suna, misali "wlan" da "bluetooth". Direban Bluetooth ya kira devm_pwrseq_get da sunan nasa, sannan pwrseq_power_on. In WiFi ya riga ya tayar da regiletoci da agogo, ƙirga kawai za ta ƙaru, ba a sake taɓa su. Akwai kulle a ciki, don haka ko su biyun sun zo a lokaci guda, ɗaya zai jira ɗaya. In kuma mai wutar bai iso ba tukuna, mai nema zai sami -EPROBE_DEFER, kanel ya sake gwada shi daga baya.

Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne direban Bluetooth ya daina sanin komai game da wayoyin allonka. Ya ce a kunna, shi ke nan.

Ɗan Samaru:

Na gode Yaya, na gode Hajiya. Na duba, 1.8V ɗin daga 3.3V yake sha, wannan ya warware. Amma masu allon 6.1 suka bayar, kuma ban ga alamar za su matsa gaba ba. Wani abokina ya ce in sa regulator-always-on, wuta ta zauna kunne kullum, in saki reset tun daga U-Boot, shirin da ke tayar da allo kafin Linux, in huta. Ya kuke gani?

Mai Gyara PZ:

Ɗalibi, kafin ka ƙi ko ka yarda, sa mita a layin batir. Auna abin da allon ke ja in cip yana kunne amma ba ya aikawa, ka sake aunawa in an yanke masa wuta gaba ɗaya. Lissafa da tsawon dare, ka ƙara da kwanakin hunturu da hazo ke rufe rana, ƙura ta kwanta a kan sola babu mai gogewa. In bambancin bai taka kara ya karya ba, shawarar abokinka ta isa gonar tumatir.

Abu ɗaya nake tsoro. In batir ya yi ƙasa da asuba, 3.3V na iya nutsewa ya dawo ba tare da Linux ya mutu ba. Cip ya rikice, babu mai sake masa reset, sai ka hau mashin zuwa Shika ka cire waya ka mayar. Irin wannan ya sha zuwa teburina.

Hajiya Kanel:

Malam Mai Gyara ya taɓo inda ke ciwo. Ko da wane tsari ka bi, in dai ƙafar reset ɗaya ce, ba za ka iya farfaɗo da Bluetooth shi kaɗai ba. Dole ka sauke su biyun, ƙirga ta koma sifili, wuta ta yanke, a sake bin jerin daga farko. Ka rubuta wannan cikin shirin da ke sa ido a kan na'urar tun yanzu.

Game da 6.1, ba sai ka ɗauko pwrseq gaba ɗaya ba. Ka rubuta ƙaramin direba da zai kama ƙafar shi kaɗai, ya miƙa ta ga sauran a matsayin mai sarrafa reset. Kanel yana da devm_reset_control_get_shared, wanda ke ƙirga masu saki, ba ya mayar da cip cikin reset sai kowa ya yarda. A 6.9 an ƙara reset-gpio da ke yin kusan haka, ka karanta shi, gajere ne. Ka lura mmc-pwrseq-simple na 6.1 ƙafar GPIO yake nema kai tsaye, don haka sai ka ɗan gyara shi ya karɓi reset ɗin haɗaka, sannan ka cire reset-gpios daga wurinsa a DTS. Turo mana fayil ɗin da abin da regulator_summary ya nuna kafin da bayan ka sauke WiFi, mu duba tare.