Neman kalmar Hausa: me za mu kira “adhesion promoter” na masu fentin robar mota?

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu masu fentin mota da ’yan uwa masu kishin harshe. Akwai ruwan nan da ake fesa wa robar cikin mota kafin a sa fenti, wanda ake rubuta wa adhesion promoter a jikin gwangwani, na Faransanci kuma da ake gani a Maraɗi da Damagaram a rubuta promoteur d’adhérence. Har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. A gareji wani ya ce faraimar roba, wani ya ce gam, wani kuwa sai dai ya nuna wa yaronsa da hannu. Ina so mu raɗa masa suna, don rashin sunan yana ɓata aiki.

Ga dalilin da ya sa ake buƙatarsa. Mu duk abin da ba ƙarfe ba ne a mota roba muke ce masa, alhali kuwa iri-iri ne. In ka cire murfin ƙofa ko robar da ke gefen gilashi ka juya bayanta, galibi za ka ga hatimi: >PP< ko >PP+EPDM< ko >ABS<. Wadda aka rubuta wa PP ita ce mai taurin kai, kuma ita ta fi yawa. Da irinta ake saƙa buhun shinkafa da na taki. Fuskarta ba ta karɓar komai, ko ruwa ka ɗiga mata dunƙulewa yake yi ya gangare. Fenti zai kwanta a kanta ya bushe ya yi kyau, amma bai kama ba. Ranar da motar ta wuni a rana, dashbod ya ɗau zafin da kan haura digiri 70, robar ta buɗe ta kuma tsuke, sai ka ga fentin yana tashi, farce ma ya isa ya ɓare shi.

Shi wannan ruwan yawanci daga dangin robar ake yin sa, an haɗa shi da sinadarin kulorin. Saboda haka yana liƙe wa robar, fenti kuma ya samu abin kamawa a jikinsa. Aikinsa ke nan, ba ya cike rami, ba ya ba da launi.

To, sunayen da aka kawo.

Faraimar roba shi ya fi yawo, kuma shi na fi jin tsoro. Yaron da ya tashi a gareji ya san faraima: abu mai kauri, sau da yawa ruwan toka, ana fesa shi ya rufe, a bar shi ya bushe sosai, sannan a bi shi da samfefa. In ka ce masa wannan ma faraima ce, haka zai yi mata. Zai labta, ya bari ta kwana, da safe ya goge. Nan take ya kashe aikin. Wannan ruwan garai yake, shafa ɗaya ko biyu marasa kauri ake yi, har ka riƙa shakkar ko ya sauka. Ba a goge shi. Bayan ’yan mintoci, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a gwangwani, fenti yake bi, in an wuce lokacin sai an sake fesawa. Suna ɗaya ba zai ɗauki hanyoyin aiki biyu masu karo da juna ba.

Gam ma bai yi ba. Mai jin gam zai ɗauka yawansa shi ne ƙarfinsa, a nan kuwa in ya yi yawa shi da fentin tare suke saɓulewa.

Wani dattijo magini ya kawo makuba, na kuma ji daɗin shawarar ƙwarai, don kalma ce tamu ta asali. Sai dai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ƙarfafa daɓe da yaɓe take yi, ta kare su daga ruwa. Namu kuwa tsakani yake shiga, ya haɗa abu biyu da ba sa jituwa. Mu bar wa magina kalmarsu.

Hana-ɓarewa ya zo a kan tsarin da Hausa ta saba, irin na hana-salla. Ya faɗi gaskiya, amma ya yi alƙawarin da ruwan ba zai iya cikawa shi kaɗai ba. Robar da aka shekara ana shafa wa man ƙyalli na dashbod, mai silikon, ko me ka fesa mata fentin zai yi ramuka ƙanana ya kuma tashi. Dole a wanke ta da sabulu da ruwa, a goge da sifirit, a ɗan kankare ƙyallin da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800, a sake gogewa. Kada a kai wa ABS tina (ruwan tsinka fenti) mai ƙarfi, narkar da ita take yi, kuma ita sau da yawa ba ta ma buƙatar ruwan.

Ni dai na tsaya a kan mariƙin fenti. Riƙo shi ne ainihin aikinsa, kuma kalmar ba ta ja tunanin yaro zuwa kauri ko samfefa ba. A gareji za a gajarta shi, a ce mariƙi kawai: “Oga, na wanke na goge, in sa mariƙi?” “Sa, amma kar ka cika.” Ya zauna a baki ba tare da an yi masa dole ba. Wani ya ce ai mariƙi ana faɗar sa ga hannun ƙofa ko na tukunya. Haka ne, amma wanda ke tsaye da gwangwanin feshi a hannu ba zai rikice ba.

Abu biyu da mariƙi ba zai gyara ba: fenti mai sheƙi a saman dashbod, wanda ke haskowa a gilashin gaba ya dame direba, da kuma murfin jakar iska (mai kare mutum a haɗari) na sitiyari da na gaban fasinja, wanda bai kamata a taɓa shi da fenti ba sam.

Masu sayar da fenti a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, ku ne za ku fara jin ko sunan ya karɓu. In a wajenku akwai wanda masu saye suka riga suka saba kira, ku faɗa mana mu auna shi da wannan.