Neman shawara: wace fassarar Turanci zan nema wa ƙannena?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in nuna wa ƙannena tsofaffin katun ɗin Japan ɗin nan masu labarin rayuwa bayan yaƙi ya rusa duniya, Nausicaä da Akira. Rubutun ƙasan allo yana yi musu sauri, kafin su karanta ya wuce. Na kuma ga kowanne an ɗora masa muryar Turanci fiye da sau ɗaya. Wacce zan ɗauka? Autarmu tana aji biyar na firamare.

Wata 'yar uwa ta amsa:
Wa alaikumus salam. Duk inda ka ga Warriors of the Wind, kauce masa. Nausicaä ɗin Hayao Miyazaki ce ta 1984, aka datse mata fiye da minti 20 a Amurka a 1985, har sunan jarumar, Nausicaä, aka mayar Zandra. Abin takaicin, wuraren da suka zubar su ne masu fahimtar da kai dalilin da ya sa take tausayin dajin nan mai guba da manyan ƙwarinsa, sai fim ya koma faɗa zalla. Nemi ta Disney ta 2005, ba a yanke komai ba, kuma ɗan wasa Patrick Stewart ne ya yi muryar Yupa, malamin jarumar. Turancin a natse yake, yara za su bi.

Wani ɗan uwa ya ce:
Malam, don Allah ka cire Akira daga lissafin yaran nan. Akwai jini sosai, ga wurin da jikin Tetsuo, ɗaya daga cikin samarin fim ɗin, ke kumbura yana haɗiye duk abin da ke kusa. Kai kanka in za ka kalla, fassarar kamfanin Pioneer ta 2001 ta fi ta kamfanin Streamline ta 1989 bin ma'ana. Amma fa an fara ɗaukar muryoyin Japananci ne kafin a zana motsin baki, shi ya sa kowane Turanci aka ɗora sai ka ga bai zauna daidai ba.

Wani kuma:
Ni dai tsohuwar ta Streamline ta fi mini rai. Kamar fassarar finafinan Indiya da muke kallo, muryar da ka fara sabawa da ita ce ke zama ta jarumin a kunnenka.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, ta ina zan gane ta Disney kafin a tura mini?

'Yar uwar ta ƙara:
Duba tsawonsa. Cikakken ya kusa awa biyu. In ka ga wajen awa ɗaya da rabi, datsattsen ne.