Mista Bin: Bebe Ne Ko Gwanin Baki?

Gwanki:
Salamu alaikum. Jiya yara suka tsare ni da kallon Mista Bin, wasan barkwancin Rowan Atkinson, sai baitoci suka zo. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya".

Ku taso mu gaida gwanin dariya,
Da uffan bai ce ba ya cinye duniya.
A 1990 ya shigo talabijin,
Da 'yar tsana da mota Mini 'yar koriya.
Kashi 15 kacal ya yi ya tsaya,
Har yau jikokinmu na ta bibiya.

Hajiya Mai Alƙalami:
Gwanki, kallonka na leƙen taga ne,
Ka hango inuwa ka ce ka ga duniya.
Rowan Atkinson ai ba bebe ba ne,
Harshensa aska ne, je ka tambaya.
A 1979 yana gajerun wasannin barkwanci a BBC,
Kai kuwa ko rarrafe ba ka iya.
Wasan Blackadder ya zo a 1983,
Baƙar maganarsa mai sa ƙato kunya.

Baban Ummi:
Kai! Hajiya ta gama magana. Gwanki, je ka sha ruwa ka dawo.

Malam Na-Aruli:
Hajiya, a gafarce ni, ɗango na biyar ya karye. In aka furta 1979 ita kaɗai gaɓa 13 ce, sannan kin ɗora mata BBC. Wane kari ne zai ɗauki wannan kaya?

Hajiya Mai Alƙalami:
Allah ya gafarta Malam, Gwanki ma ya sa shekara, idonka bai gani ba? Ko don abokin shan shayinka ne?

Malam Na-Aruli:
Tasa gaɓa 10 ce, ta shiga da ƙyar. Taki ko da guduma ba ta shiga.

Gwanki:
Hajiya kin haddace takardunsa duka,
To wa ya san Blackadder a Indiya?
Habaicin Turanci sai ɗan Ingila,
Wanda bai ji yaren ba ya sha wuya.
Gatsine kuwa ba ya neman tafinta,
Basine da Balarabe sun yi dariya.
Bikin Olamfik a Landan, 2012,
Ya tada fili da danna maɓallin kiɗa ɗaya.

Auta:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ba ni da data.

Kuna ta musu a kan ɗa kun manta uba,
Cali Caflin ne ya share musu hanya.
Ya rasu a 1977, lokacin Bin ko suna babu,
Ni dai shi na sani, kuma shi ne gaskiya.

Baban Ummi:
Auta, wannan baitin naka da sanda yake tafiya. Ni dai ina bayan Hajiya har gobe.

Hajiya Mai Alƙalami:
Auta ka zo bayan kasuwa ta watse,
Ka tarar da rumfa kana ta cigiya.
Atkinson injiniyan lantarki muke zance,
Ya je Oksfod ya ƙaro, ya bar waya.
In'ina gare shi tun yana yaro,
In ya hau dandali sai ta ja da baya.
Wanda ya yi kokawa da harshe ya kayar,
Gwanki ke kira bebe, ina kunya?

Malam Na-Aruli:
Kin maimaita "kunya", aibi ne a amsa-amo. Bari ku ga yadda ake yi:

A 1997 Bin ya shiga silima,
A 2003 Atkinson ya zama ɗan leƙen asiri Johnny English.

Baban Ummi:
Malam! Ina "ya" ɗin ta shiga? Kuma shekaru har biyu, kai da ka hana ɗaya?

Malam Na-Aruli:
Wannan ba baiti ba ne, ƙarin bayani ne. Baitin na nan tafe bayan la'asar.

Gwanki:
Hajiya, kin bi ta kan Auta kin wuce. Maganar maɓalli ɗaya fa har yanzu ba ki taɓa ta ba, ina nan zaune.