Me ya sa ciwon daji kan warke, amma hawan jini sai dai lallaɓawa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana lafiya, domin al'amura biyu sun haɗu a gidanmu sun ɗaure mini kai. Mahaifina ya shekara 11 yana shan maganin hawan jini, daga baya aka ƙara masa da na ciwon suga, kuma tun farko likitansa ya gaya masa cewa waɗannan cututtuka ba a rabuwa da su, sai dai a lallaɓa su. A watan jiya kuma goggona, ƙanwarsa, ta ji wani ƙullutu mai tauri a nononta na hagu, wanda bai kai kan babban yatsa girma ba, ba ya kuma yi mata ciwo ko kaɗan. Likita ya ce yana zargin ciwon daji, yana so a ɗebi ɗan nama daga wurin a auna, ya kuma ce in an same shi da wuri akwai kyakkyawan zaton warkewa.

Ta yaya cutar da kowa ke tsoron ambaton sunanta za ta warke, alhali hawan jini da muka saba da shi ba ya warkewa? Na biyu, wasu daga cikin dangi sun hana goggo komawa asibiti, suna cewa da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fantsama cikin jiki. Shin gaskiya ne? Na uku, ni da ƙannena mata za mu iya gadonsa?

Wani likita:

Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Allah ya ba goggo da baba lafiya. Bari in fara da cewa har yanzu ba a tabbatar goggo tana da ciwon daji ba, domin mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono ba shi ba ne, kuma hannu ko hoto ba sa yanke hukunci. Sai an duba naman a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda suke rarrabuwa su haifi sababbi, tsofaffin kuma su mutu idan wa'adinsu ya cika. Ciwon daji yana farawa ne lokacin da tsarin da ke cikin wata ƙwaya ya samu lahani, ta daina bin wannan ƙa'ida, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Da farko duk 'ya'yanta suna tare a wuri ɗaya, su ne ƙullutun da ake ji. Muddin suna nan ba su fita ba, ana iya yanke su a cire gaba ɗaya, sannan a bi da gashi na na'ura ko maganin da ake kira kemo domin kashe waɗanda suka ɓuya. Wannan ce warkewar da likitan yake nufi. Idan aka yi jinkiri, sai wasu ƙwayoyin su ɓalle, su bi hanyar jini ko ta kaluluwar hammata su sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Daga nan wuƙar likita ba ta iya bin su, sai aikin ya koma na rage wa cutar gudu da sauƙaƙa wa mara lafiya raɗaɗi. Shi ya sa ake kasa cutar zuwa mataki na 1 har na 4. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma da kyau, fiye da mata 9 cikin 10 da aka gano sankarar mamansu, wato ciwon dajin nono, tun ba ta fita daga nono ba suna raye bayan shekara 5, amma idan ta kai gaɓoɓi masu nisa adadin yakan sauko zuwa wajen 3 cikin 10.

Hawan jini kuwa ba wani abu ba ne da ke zaune a wuri ɗaya da za a yanke a jefar. A wajen mafi yawan masu shi babu dalili guda da za a nuna. Jijiyoyin jini da ƙoda da sinadaran da ke daidaita su ne suka karkata gaba ɗaya, ta dalilin shekaru, gado, ƙiba, yawan gishiri da makamantansu. Magani yana sauko da shi ne muddin yana cikin jiki, da an daina kuma sai ya koma inda yake.

Batun ƙarfe, ina roƙon ki isar wa dangi da wannan. Allurar da ake ɗibar nama da ita siririya ce, ana yin aikin ne bayan an kashe zafin wurin, kuma bincike bai nuna tana rage wa mace damar warkewa ba. Na fahimci inda zancen ya samo asali: mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta riga ta yaɗu, a yi musu aiki, bayan 'yan watanni su rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin abin da jinkiri ya aikata.

Wata uwa da ta sha jinya:

'Yata, ni ba likita ba ce, amma na bi ta wannan hanya shekara 7 da suka wuce, don haka zan gaya miki abin da na gani da idona. Ina wanka na ji nawa ƙullutun, na kuma yi wata huɗu ina taɓa shi kowace safiya ina ce wa kaina tunda ba ya ciwo ba komai ba ne. Ranar da aka ɗebi naman ban yi rabin sa'a a ɗakin ba. Abin da na ji shi ne zafin allurar farko, sai wata 'yar ƙara kamar ta maɓallin biro, aka liƙa mini filasta na tashi da ƙafata. Abin da ya fi aikin wuya shi ne kwanakin jiran sakamako.

Ba zan ɓoye miki ba, kemo yana da wahala. Makonni kaɗan da farawa na wayi gari na ga gashina a kan matashi, bakina ya yi gyambo, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Amma gashin ya dawo, ƙarfi ma ya dawo. Ki gaya wa goggonki wannan daga bakin wadda aka yi wa. Kuma duk ranar da za ta ga likita wani ya raka ta da takarda da abin rubutu, domin da zarar an ambaci sunan cutar, mara lafiya ba ya ƙara jin sauran bayanin.

Mai tambaya:

Na gode, Likita. Na gode, Mama, Allah ya ƙara lafiya. Saura batun gado. Wata ƙawata ta ce tunda goggo ta ɓangaren uba take, babu ruwanmu.

Wani likita:

Ƙawar taki ta yi kuskure. Lahanin da ake gada, kamar wanda ke cikin ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995, yana iya zuwa ta uba kamar yadda yake zuwa ta uwa. Sai dai kada hankalinki ya tashi, domin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kacal na sankarar mama ke da nasaba da irin wannan gado. Abin da ke sa mu ƙara sa ido shi ne a samu mata biyu ko uku a dangi ɗaya, ko a same ta a mace mai ƙananan shekaru, ko a nono biyu, ko tare da sankarar ƙwan mace, ko a jikin namiji. Ki bincika tarihin danginku ta ɓangarorin biyu ki kai wa likita.

Kuma ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko jinya. Abin da ake ɗauka shi ne wasu ƙwayoyin cuta da kan haifar da shi bayan shekaru: HPV, wadda nau'o'inta na 16 da 18 ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, mai kai wa ga sankarar hanta. Dukansu biyu suna da allurar rigakafi, kuma ƙannenki da ba su kai shekara 15 ba su ne suka fi cin moriyar ta HPV.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ina so in ja hankalinki, 'yar'uwa, ga wata kalma da kika faɗa, cewa hawan jini abu ne da kuka saba da shi. Wannan sabon shi ne yake ba ni tsoro. Ciwon daji ya kashe mutum kimanin miliyan 9.7 a duniya a 2022, amma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suna kashe kusan ninki biyu na haka kowace shekara, kuma hawan jini ne babban mai share musu hanya. A ɗakin wankin ƙoda inda na yi aiki, yawancin waɗanda ke kwance awa huɗu jikin na'ura hawan jini ne ko ciwon suga ya kai su, kuma da yawansu labarinsu ɗaya ne: sun ji sauƙi, sai suka ajiye magani. Baba yana da cututtukan biyu a haɗe, kowannensu yana cin ƙananan jijiyoyin ƙoda da na ido a hankali, ba tare da ya ji komai ba, daidai da yadda ƙullutun goggo ba ya yi mata ciwo.

Don haka kada jinyar goggo ta sa a manta da shi. A riƙa auna jininsa a gida ana rubutawa, in yana yawan kai wa 140 bisa 90 ko fiye a sanar da likitansa. Sau ɗaya a shekara a gwada ƙodarsa ta jini da fitsari, a duba cikin idonsa, sannan wani ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin mai ciwon suga yana iya taka abu ya ji rauni bai sani ba.

Mai tambaya:

Na karanta wa mahaifina duk abin da kuka rubuta, shi kuma ya kira yayyensa ya yi musu magana da kansa. Goggo ta amince, an ba ta ranar Talata mai zuwa, ni zan raka ta da littafin rubutu kamar yadda Mama ta ce. Baba kuma ya ce rabonsa da gwajin ƙoda ya fi shekara uku, za mu nemi a yi masa a ranar.